Ranar da Uwar Garke Ta Tashi da Kanta

A Maska ta ƙasar Funtuwa akwai wani saurayi mai riƙe da lissafin takin da manoman auduga su ke karɓa bashi. Lissafin yana cikin kwamfuta mai tsarin Linux, a hannun uwar garke, watau manhajar da ke miƙa bayani ga wayoyin wakilan ƙauyuka. To, duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka maido, kwamfutar takan farka, amma uwar garken sai ya tashe ta da hannunsa.

Ran nan, farkon damina, ya kai mahaifiyarsa asibiti. Manoma suka yini a ƙofar sito babu mai tabbatar da sunayensu, ga shuka tana jiran taki.

Da ya komo bai zargi wuta ba. Ya koma ga systemd, wanda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da shi a 2010, shi ne ke tada manhajoji idan na'ura ta kunnu. Ya ba shi umurni guda, systemctl enable, da sunan uwar garken. Sa'an nan ya kashe kwamfutar, ya kunna, ya harɗe hannuwansa. Sai ga ta ta tashi.

Ya yi murna, amma da ɗan ɗaci, gama tun daga ranar ba a sake aikowa a kira shi ba.