Batirin Da Ba Ruwa A Cikinsa

Wata rana da bazara na sa wayata caji, na tura ta ƙarƙashin matashi, na yi barci. Da asuba na laluba zan duba lokaci, sai na ji ta da zafi kamar an ɗauko ta daga murhu, bayanta kuwa ya kumbura har murfin ya ɗaga. Na kai wa mai gyara a kasuwa. Ya jujjuya ta, ya ce, "Baba, ka gode wa Allah. Saura kaɗan wuta ta tashi." Tun ran nan na ƙudura sai na san abin da ke cikin wannan abu da nake kwana da shi.

Ga abin da na gano. Batirin waya ɓangare biyu gare shi, a tsakaninsu kuwa akwai wani ruwan sinadari. Ta cikin ruwan nan ne ƙwayoyin wani ƙarfe, wai shi litiyam, suke kai da kawowa. In ana caji su ƙetare zuwa ɓangare ɗaya, in ana aiki da wayar su komo ɗayan. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da irinsa a 1991. Amfaninsa ba ya misaltuwa, amma fa ruwan nan mai kama wuta ne. In batir ya huje, ko ya yi zafi ƙwarai, sai ya kama. Abin da ya sa ke nan kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016.

To, yanzu na'urori sun matso jikinmu. Jikana yana ɗaura agogo mai ƙidaya bugun zuciya. Wana kuwa, da jinsa ya ragu, kullum da na'urar ƙara ji a kunnensa. Abin da zai wuni manne da fatar mutum, ai ya kamata a amince da shi fiye da wayar da ke aljihu.

Dabarar da masana suke bi ita ce a kawar da ruwan, a sa daskararren abu a gurbinsa, galibi wani haɗi da ake gasawa kamar tangaran. Ƙwayoyin litiyam suna ratsa shi, shi kuwa ba ya yoyo, ba ya saurin kama wuta. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1972 ake sa batir maras ruwa cikin na'urar da likitoci ke dasawa a ƙirjin mai ciwon zuciya, ya yi wajen shekara 10 yana aiki. Sai dai wutar da yake bayarwa kaɗan ce, ba a kuma yi masa caji. A 2024 kamfanin TDK na Japan ya ba da sanarwar samun sabon haɗi, wanda ya ce zai sa ƙaramin batirinsa ya riƙe wuta wajen ninki 100 na wanda yake yi a da. Don agogo da na'urorin kunne ya nufe shi.

Mai karatu zai ce, me ya hana a sa shi cikin waya? Ruwa yana bin kowane lungu, amma daskararru biyu ba su haɗa jiki sosai, sai hanyar ƙwayoyin ta ƙuntata. Sa'an nan tangaran in ya yi faɗi yana saurin tsagewa, kowace uwargida ta san wannan. Ga kuma tsadar ƙira. Shi ya sa aka fara da ƙanana.

Sannu ba ta hana zuwa. Kafin ya iso hannunmu, 'yan'uwa, mu kula da wanda muke da shi. Kada mu bar waya cikin rana, kada mu danne ta da matashi tana caji, batirin da ya kumbura kuwa a sake shi nan da nan. Ni dai tun daga ran nan a kan daɓe tawa take kwana.