Ajin Koyon Sauraro a Jos

Daga gidanmu a Daurawa, cikin Kano, zuwa tashar Unguwa Uku ba nisa. Nan na hau motar Jos, muka bi ta Kwanar Dangora, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Saminaka, sanyi na ƙaruwa muna hawa tsauni. Wani abokin karatuna Kirista ne ya gayyace ni. Yana koyarwa a wata makarantar horar da fastoci, kuma ya daɗe yana ce mini, "Ɗan'uwa, zo ka gani da idonka."

Ɗaliban ajin nasa manya ne, maza da mata, wasu ma da furfura. Abin da yake koya musu wata hanya ce ta jinyar damuwa wadda ta samo asali daga Sigmund Freud, likitan birnin Biyana da ya rasu a Landan a 1939. Tushenta shi ne mutum kan ɗauki ciwon da bai san yana ɗauke da shi ba. Abin da ya same shi yana yaro, ko tashin hankalin da ya haɗiye, yakan dawo da wata kama: saurin fushi, rashin barci, ciwon jikin da asibiti ya kasa gano dalilinsa. A garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba.

Sai malamin ya zaunar da ɗalibai biyu a gaban aji, ɗaya a matsayin fasto, ɗaya a matsayin matar da mijinta ya rasu. Matar ba ta gama jimla biyu ba faston ya jawo aya zai yi nasiha. Malamin ya ɗaga hannu. "Dakata. Ayar nan don ita ka kawo, ko don kai ka kasa jure kukanta?" Ɗalibin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, don ni ne." Aka sake daga farko. Wannan karon ya yi shiru, ya bar ta ta kai inda za ta, har ta faɗi abin da ke cin ta: tana jin haushin mamacin, kuma tana jin kunyar haushin. Sai a ƙarshe aka yi addu'a, addu'ar kuwa ta faɗa daidai kan ciwon.

Ana kuma koya musu lura da yadda mai damuwa kan ɗora wa mai sauraronsa fuskar ubansa, ya ji tsoronsa ko ya yi masa fushin da ba nasa ba. Fasto, wanda kowa ke kira Baba, ya fi kowa shiga wannan hali.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa ɓoye cewa Freud bai yi imani da Allah ba. A 1927 ya wallafa littafi yana cewa addini ruɗu ne. Amininsa Oskar Pfister, fasto a Zurik ta ƙasar Suwizalan, ya mayar masa da martani a rubuce a 1928, bai bar coci ba, bai kuma daina jinyar mutane da hanyar ba. Sawun Pfister suke bi a ajin: su tankaɗe, su riƙe garin, su zubar da dusar.

Mu Musulmi ma muna da gadon wannan. Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu kan jinyar baƙin ciki da tsoro da waswasi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan kuma ya fassara shi zuwa Turanci. Amma a unguwanninmu, kafin mai damuwa ya kai Asibitin Malam Aminu Kano da ke maƙwabtaka da mu, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wurin malamin unguwa yake fara zuwa. Malamin na da ilimi da tausayi, sai dai ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa sauraro, ko gane lokacin da ya kamata ya tura mutum wurin likita.

Ina roƙon jami'o'inmu da kwalejojin da ke horar da limamai da malaman Islamiyya a Kano su buɗe irin wannan aji, su haɗa malaman addini da likitocin ƙwaƙwalwa su koyar tare.