Bindiga Ta Kashe Shi, Alƙalami Ya Raya Shi

Ni da nake rubuta littattafai, labarin Billy the Kid na Amurka yana ba ni tsoro. Sunansa na asali Henry McCarty. Mahaifiyarsa ta rasu a 1874, ya rasa mai kwaɓa, ya faɗa sata, a 1878 ya tsunduma rikicin Lincoln a New Mexico. Pat Garrett ya harbe shi a 1881, yana ɗan shekara 21. Almara ta ce mutum 21 ya kashe, masana tarihi kuwa lissafinsu bai kai goma ba. Marubuta ne suka kambama shi, har Garrett ɗin ya fitar da littafi a 1882. To 'yan uwa, in muka ƙawata ɗan daba a takarda, yaranmu ne za su karanta su yi sha'awa. Allah Ya kyauta.