Kati 300 da wasan da yake da ƙarshe

Mu da muka tashi a Yamai a ƙarshen shekarun 1990 mun san Ryu da Chun-Li da Terry Bogard kamar ƴan unguwarmu. A ɗakunan wasan bidiyo muka san su, inda dala goma ke sayo wa yaro ƴan mintoci. Biyun farko na kamfanin Capcom ne, na ukun na SNK, kamfanonin Japan biyu masu gogayya da juna. A 1999 aka haɗa jarumansu a wasa ɗaya mai suna SNK vs. Capcom: Card Fighters' Clash, a kan ƴar na'urar hannu Neo Geo Pocket Color. Babu naushi a cikinsa. Kowane jarumi kati ne mai lambar ƙarfi, ka jera naka, abokin karawa ya jera nasa, lissafi ya raba ku.

A layinmu na Dar es Salam na'ura ɗaya ce tak, wadda yayan wani abokinmu ya zo da ita daga Faransa. Bayan la'asar mukan zagaye ta, mai riƙe da ita na dannawa, sauran na ba da shawarar da ba a nema ba. Da aka sake fito da wasan a kan Nintendo Switch a watan Janairun 2022, abokan nan, waɗanda yanzu duk magidanta ne, suka cika waya da hirarsa.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da muke kewa. Zanen dai ƙanana ne, sautin kamar kukan gyare. Abin da na gano shi ne wasan yana da iyaka. Katunan 300 ne, kuma cin wasa ne ke kawo su. An saya sau ɗaya, an gama biya. Kashi biyu aka yi shi, na SNK da na Capcom, mai son cika tarinsa sai ya yi musaya da mai ɗaya kashin.

Yau a matsayina na malami ina ganin ɗalibaina suna tara kati su ma, na ƴan ƙwallo, a wayoyin iyayensu. Sai dai a wasanni da yawa na yanzu rufaffen ƙunshi ake saye da kuɗi na gaske, ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe, kuma sababbin katuna ba su daina fitowa. Wani yaro a ajina ya kwashe sati yana hana cikinsa kalaci don ya tara kuɗin ƙunshi, katin da yake nema bai fito ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan ƙunsoshi a wasu wasanni, har da FIFA 18, caca ce.

Ba na cikin masu cewa a ƙwace waya a huta. Tara kati ya koya mana lissafi da haƙuri da ciniki, kuma yaran yau ba su fi mu son wasa ba. Roƙona ga iyaye da ƴan uwana malamai shi ne mu zauna kusa da yaro, ya nuna mana wasansa, mu tambaye shi: katin nan cin wasa ya ba ka shi, ko kuɗi? Katunan nawa ne gaba ɗaya? Idan ya ce kuɗi ne, kuma ba su da adadi, to a cire hanyar biya daga wayar tun a ranar, a kuma gaya masa dalili.