Farin Dutsen da Na Gani a Amman

A wannan wata labarin bangon gidanmu na Garwa zan ba ku, ko wani ya ɗauki darasi.

Lokacin da nake karatu a Amman, babban birnin Jodan, ba abin da ya ɗauke mini hankali kamar gidajensu. Kusan kowane gida an lulluɓe bangonsa na waje da farin dutse, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti a Figil. Da zarto mai inji ake yanka shi, kowane guda daidai da ɗan'uwansa, har tsakaninsu ba ya ɗaukar bakin wuƙa. Farinsa yana mai da zafin rana, ga shi ba ya neman fenti. Na ce in Allah ya mai da ni gida, haka zan yi wa mahaifina.

Da na dawo na tarar Baba yana tara kuɗin Hajji. Na yi ta lallashinsa har ya ba ni rabi. Tsohon maginin unguwarmu ya gargaɗe ni, ya ce, "Ɗana, dutsen nan yana shan ruwa. A fara da baƙin dutse daga ƙasa, a haɗa na sama da kwaɓin farar ƙasa mai laushi, a kuma fito da bakin kwano." Ni kuwa ina ganin na je waje, na sa aka jera shi tun daga ƙasa da siminti zalla.

Damina biyu kawai, gindin bangon ya yi baƙi, gishiri ya feso, gefen duwatsun ya fara marmashewa. Ashe simintin ya fi dutsen tauri, ya tsare damshi a ciki. Na manta Amman ba ta ganin ruwan Agusta irin namu.

Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Je ka ba maginin nan haƙuri." Na je. Muka rushe layin ƙasa muka gyara yadda ya faɗa tun farko, bangon kuma yana nan lafiya. Amma Hajjin Baba sai da ya ƙara shekara uku, kuma har yau abin yana cina.

Duk mai sha'awar dutsen nan, ya saya, yana da kyau. Sai dai ya fara zama da maginin garinsu. Allah ya sa mu dace, amin.