Fiyanon da Ya Ƙi Magana a Gaban Dattawa



Tun ranar da muka sa hoton ɗan ɗakin da muka ware wa matasa a bayan ofishin ƙungiya, saƙonni suke ta shigowa. Wasu na tambayar me muka saya, wasu nawa muka kashe. Wani bawan Allah daga Gwagwa bai yi kwana-kwana ba, ya ce wai ya ji an damfare mu an sayar mana da mataccen fiyano. To ba a damfare mu ba. Amma mun yi kuskure, kuma da yake kuɗin jama'a ne muka taɓa, ya zama wajibi mu faɗi yadda aka yi.

Kowa a Deidei yana tune da rikicin watan Mayun 2022, lokacin da ministan Abuja na wancan lokacin, Muhammad Musa Bello, ya ba da umarnin rufe kasuwa. A 'yan kwanakin da aka yi ba ciniki ne muka ga yawan yaranmu da ba su da abin yi in ban da dako da acaɓa. Daga nan muka fara tara ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata don koyar da sana'a. Masu son ɗinki da gyaran waya da sa tayil ba su ba mu wahala ba. Matasa huɗu ne suka ce su haɗa kiɗa suke so su koya, irin na sutudiyo. An kai ruwa rana kafin a amince. Wasu dattawa sun ce ba da kuɗinsu ba, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin malamai sun yi saɓani a kan kiɗa. A ƙarshe aka yarda da sharaɗi: ba batsa, ba zagin kowa, kuma wanda bai yarda ba, gudunmawarsa ta tafi ɓangaren ɗinki.

Ma'aji ne ya shiga cikin gari da ɗaya daga cikin yaran don su sayo fiyano. Duk wanda ya san Ma'ajinmu ya san ba ya wasa da canji. Ya ga manya da tsada, ya ga wani ɗan ƙarami mai maɓalli 25, da fitilu masu kyau, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Yaron ya ce ai irinsa yake gani a bidiyon makaɗan waje. Shi ke nan aka biya.

Ranar taro aka ɗora shi a kan tebur, aka jona shi da cajar waya, fitilu suka kama. Ciyaman ya sa yatsa ya danna. Shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi. Shiru. Ya ɗago kai ya ce, "Ma'aji, ina rasit?" Ma'aji ya fara lalube a aljihu, gumi na keto masa. Yaron nan, muryarsa na rawa, ya ce, "Baba, ai lafiyarsa ƙalau. Shi dama ba ya magana sai da kwamfuta." Wani dattijo daga baya ya ce to ashe kurma muka auro.

Abin da ba mu sani ba a ranar shi ne kaya iri biyu ne masu kama da juna. Akwai fiyanon da muka saba gani a wurin biki, irin Yamaha PSR, wanda yake da sautinsa da lasifikarsa a jikinsa. Shi ne ya riƙe kiɗan finafinan Hausa a sutudiyoyin Kano shekara da shekaru, har ake ce wa salon kiɗan fiyano. Sai kuma wanda muka sayo, wanda ake kira MIDI kwantirola. Wannan ba sauti ko ɗaya a cikinsa. Mu da muke harkar kayan gini za mu fi gane shi da takardar oda: takardar ba siminti ba ce, tana dai gaya wa mai sito buhu nawa zai fitar. Haka shi ma. In ka danna maɓalli, sai ya aika wa kwamfuta saƙo cewa ga wanda aka danna, ga ƙarfin da aka sa, ga lokacin da aka saki. Ƙarfin dannawar ma a lamba yake auna shi, har zuwa 127. Manhajar da ke cikin kwamfutar ce take mayar da saƙon ya zama sarewa ko garaya ko ganga. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1983 yake, lokacin da Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, mai kamfanin Roland na Japan, suka jagoranci kamfanoni aka yarda da yare ɗaya da na'urorin kiɗa za su riƙa fahimtar juna da shi.

Wani mamba ya ba mu aron tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, aka sa manhajar FL Studio, wadda yawancin yaran yanzu suke koyo da ita. Kurma ya yi magana, Ma'aji ya samu barci. Amma cikin mako biyu sai ainihin matsalar ta fito, kuma ita ce muke so duk mai niyyar saye ya tsaya ya karanta.

Maɓalli 12 ne zango ɗaya na sauti. Mai 25 zango biyu ke nan, mai 49 zango huɗu, mai 61 zango biyar, cikakken fiyano kuma 88. Wanda yake haɗa kiɗa ɗaiɗai, ya sa ganga yanzu, ya dawo ya sa wani abu anjima, zango biyu ya ishe shi. Amma yaranmu waƙoƙin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita suka tashi suna ji, kuma irinsu masu biki za su nema a wurinsu. A irin wannan kiɗa hannun hagu yana riƙe da ƙasa, na dama yana bin mawaƙi yana ba shi amsa. A kan zango biyu hannayen karo suke yi da juna. Ga shi maɓallan ƙanana ne, yaron da ya yi shekara uku yana sauke buhu sai yatsansa ya danne biyu lokaci ɗaya. Kuma wanda ya saba da ƙananan, ran da aka zaunar da shi gaban babban fiyano a sutudiyon wani, sai ya koma ɗan koyo.

Abu na biyu mu kanmu ba mu taɓa lura da shi ba sai da wani makaɗi da ya yi aiki a Kano ya zo ya nuna mana. Algaita da sarewa da goge ba sa tsalle daga sauti zuwa sauti, lanƙwasa suke yi, kamar yadda muryar Bahaushe take hawa da sauka a magana. A manyan kwantirola akwai wata 'yar taya a gefen hagu da ake murzawa da babban yatsa don a lanƙwasa sautin. Namu ƙaramin ɗan sanda ne da shi kamar na wasan gem, yana yi, amma da wuya hannu ya tsaya daidai inda ake so. Mutumin ya kaɗa sarewa ba lanƙwasa, ta fito kamar ƙararrawar makaranta. Ya sake da lanƙwasa, sai ga dattijon nan mai maganar kurma yana gyaɗa kai. Kalangu kam ya ce kar mu wahalar da kanmu. Mai kalangu da hammatarsa yake matse tsarkiya yana sa fata ta yi magana, duk wanda ya saurari makaɗan Shata ya san haka, kuma ba tayar da za ta yi wannan. In ana so, a kira mai kalangu daga mahauta a ɗauke shi da makirfo.

Akwai lokacin da muka zargi na'urar da jinkiri, a danna yanzu sauti ya fito daga baya. Ashe laifin kwamfutar ne. Sai da aka sa mata abin da ake kira ASIO, daga baya muka sayi ɗan akwatin sauti da ake jona makirfo da lasifika a jikinsa, sannan abin ya daidaita. A nan muka gane kwantirola shi ne mafi arha a cikin kayan. Kwamfuta da akwatin sauti da makirfo da abin sawa a kunne su ne masu cin kuɗi, kuma ba wanda ya sa su a lissafin farko.

Da za a sake saye, kwamiti ya rabu biyu. Ma'aji da mutanensa suka ce a haƙura a sayi Yamaha mai sauti, domin ana iya ɗaukarsa zuwa biki a dawo da kuɗi a ranar, kuma da yawa daga cikin na zamani suna da ramin USB, wato za su yi aikin kwantirola ma. Hujja ce mai ƙarfi. Matsalar ita ce tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, kuma mai kyau a cikinsu ya fi ƙarfin asusunmu. Ɗaya ɓangaren suka kawo maganar wuta: kwantirola daga jikin kwamfuta yake shan wutarsa ta wayar USB, ko an ɗauke wuta aiki na ci gaba har batir ya ƙare, ba sai an tada janareta da man da kowa ya san kuɗinsa ba.

Mun tsaya a kan mai maɓalli 49, manyan maɓallai, da tayar lanƙwasa sauti, da ramin jona abin takawa da ƙafa mai sa sauti ya daɗe. Na hannu muka saya. Wannan karon da kwamfuta muka je shagon. Yaran suka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, domin a tsohon kaya sai ka samu wani maɓallin ba ya jin bambanci, ko yaya ka taɓa shi ihu yake. Suka girgiza wayar a raminta don a ga ko tana yankewa, wurin da ya fi saurin lalacewa ke nan. Manhajojin kyauta da ake rubutawa a jikin kwali kuma ba mu sa su a ciniki ba, galibi mai shi na farko ya riga ya yi rajistarsu da sunansa. Ƙaramin bai zama asara ba: 'yan murabba'an roba takwas da ke samansa sun dace da buga ganga da yatsa, yanzu aikinsa ke nan.

Ƙura ce abin da ya rage. Tsakanin garin katako da siminti da hunturu, komai a Deidei fari yake wayar gari. 'Yan ajin ɗinki suka ɗinka wa kayan riga da ragowar yadi, kuma an hana shiga ɗakin da ledar ruwa.

Har yanzu ɗakin bai mayar da kuɗinsa ba. Aikin farko da aka biya talla ce ta wani mamba mai sayar da fenti, wadda yake sawa a WhatsApp, sai waƙar biki guda biyu. Cikin yara huɗun, ɗaya ya koma kan babur, ya ce ba zai iya jira ba, kuma ba mu da abin da za mu ce masa. Ma'aji yana nan a kan bakansa cewa da mai sauti muka saya da yaron bai tafi ba. Wataƙila yana da gaskiya. Mu dai abin da muka gani shi ne ukun da suka rage yanzu da hannu biyu suke kaɗawa.

Ana buɗe ɗakin bayan la'asar ranakun Talata da Alhamis da Asabar, ana rufewa in an kira magariba. Rasit ɗin duk abin da aka saya, har da na kurman, yana wurin sakatare, za a karanta a taron ƙarshen wata. In kuma akwai mai tsohon Yamaha PSR da yake ajiye a gida ba a amfani da shi, muna neman aro na wata uku, don mu gwada maganar Ma'aji kafin lokacin bukukuwan bayan Sallah.

Sakatare, a madadin kwamiti.