Layin Kusa da Layin Nesa: Abin da Na Koya Game da Zafi a Akwatin Tarho

A watan Afrilu na shekarar da nake rubuta kundin digirina na biyu, na raka kawuna, wanda ya tsufa a aikin gyaran wayar tarho, zuwa wani ƙaramin asibiti. Matsalarsu ita ce kullum bayan azahar sai wayoyin cikin gida su mutu, ba sa farfaɗowa sai dab da magariba. A wata rana irin wannan, ma'aikaciyar jinya ta kasa samun likita ta waya a kan wata mai naƙuda, sai da ta taka da ƙafa ta nemo shi. Allah ya kiyaye, amma hankalin kowa ya tashi.

Da ɗan ilimin lantarkin da na tsinta a sakandare, na yi karambanin cewa laifin na doguwar wayar nan ce da ta tafi gidajen ma'aikata, a sauya ta. Har mai kula da kuɗi ya fara lissafi. Kawu bai ce mini komai ba, sai ya tambayi waɗanne wayoyi ne ke fara mutuwa. Aka ce ta ɗakin jinya da ta wurin karɓar baƙi, wato mafi kusa da akwatin da ke haɗa layukan. Ya buɗe akwatin, ya ɗora yatsata a kan wata baƙar ƙwaya, na janye da sauri saboda zafi. Ya ce, "Ɗana, na nesa ba shi da laifi. Na kusa ne ke dafa ta."

Wannan ƙwaya, wadda injiniyoyi ke taƙaita sunanta da SLIC, ita ce mahaɗar kowane layi da akwatin. Ita ke ciyar da tarho da lantarki, ta sa shi ƙara idan an kira, ta kuma gane lokacin da aka ɗaga kansa. A bisa al'ada, ana ciyar da layi daga batir mai bolt 48, kuma tarho na buƙatar kwararar lantarki ta kimanin miliamfiya 20 zuwa 40.

A daren ranar Kawu ya yi mini lissafin a bayan wata takarda. Idan kwararar ta kai miliamfiya 25, batir zai riƙa fitar da wat 1.2 ga kowane layi da ake magana a kansa. Wannan ƙarfi dole ya sauka a wani wuri. A dogon layi wanda turjiyarsa, haɗe da ta tarhon, ta kai om 1,500, bolt 37.5 za su ƙare a hanya, saura 10.5 kawai ga ƙwayar, wato zafin da bai wuce rubu'in wat da 'yan kai ba. A gajeren layi mai om 300 kuwa, bolt 7.5 ne ke fita waje, sauran 40.5 duk ƙwayar ce za ta haɗiye su, wato kimanin wat guda cur a cikin abin da bai fi farcen babban yatsa ba. Doguwar wayar da na zarga, ashe ita ce ke ɗauke wa ƙwayar nauyi.

Wat guda ba wani abu ba ne a ɗaki mai sanyi. Amma wannan akwati yana cikin sito ne, ƙarƙashin rufin kwano, a watan da zafin iska a waje ke haura digiri 40. Ƙurar hunturu ta toshe ramukan shan iska, fankar ciki ta tsaya, sannan an tara duk gajerun layukan, waɗanda kuma su ne aka fi amfani da su, a kati ɗaya. Irin waɗannan ƙwayoyi an ƙera su da dabarar kare kai: idan zafin cikinsu ya kai wajen digiri 150, sai su katse layin har su huce. Mutuwar da wayoyin ke yi kullum bayan azahar, ƙwayar ce ke ceton kanta daga ƙonewa.

Masu ƙera na'urori sun daɗe da sanin wannan, kuma sun fito da hanyoyi. Akwai taƙaita kwararar lantarkin don kada gajeren layi ya ja fiye da buƙata. Akwai tanadin batir na biyu mai bolt 24, wanda ƙwayar ke komawa kansa idan layin gajere ne. A lissafinmu na sama, wannan zai mayar da zafin daga wat 1 zuwa kimanin 0.4. Na'urorin baya-bayan nan kuma suna samar da daidai ƙarfin da kowane layi ke buƙata, sannan ana shimfiɗa faffaɗan jan ƙarfe a ƙarƙashin ƙwayar don ya janye zafin.

Kawu bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya kakkaɓe ƙurar, ya sauya fanka, ya sa aka mayar da akwatin ɗaki mai siminti da taga, ya rarraba gajerun layukan a katuna daban-daban. Daga nan ya ƙara wa kowannensu 'yar turjiya mai om 600, wato ya mayar da layin kusa kamar na nesa, ta yadda fiye da sulusin wat zai riƙa ƙonewa a wajen ƙwayar. Kuɗin kayan duka bai kai ushurin abin da shawarata za ta ci ba, kuma da an bi ta, da wayar ɗakin jinya ta ci gaba da mutuwa.

Muka jira har la'asar ta gota. Kawu ya miƙa mini kan tarhon ɗakin jinya, ya ce in kira gidan likita. Aka ɗauka.